Da ɗan gari akan ci gari? Masu dawowa gida da bishara, daga Damagaram zuwa Haiti

A Takeita, cibiyar ƙaramar hukumar Garagumsa, hanya ta rabu biyu. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa tana miƙewa gabas, kimanin kilomita 50, ta faɗa birnin Damagaram. Ɗayar kuma ta karkata kudu, ta bi ta Kance da Matamaye, ta tsallake iyaka zuwa Daura da Kano. Da an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai samarin yankin su kama hanya su tafi cin rani. Wasu Kano, wasu Legas, wasu su haura arewa ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. In gajimare ya fara haɗuwa, sai a ga suna sauka a tasha ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ke dawowa yadda ya tafi. Akwai kayan da ake gani, atamfa da salula da babur da kuɗin sadaki. Akwai kuma wanda ba a gani sai an zauna da mutum: sabuwar sana'a, sabon harshe, wani lokaci har da sabuwar fahimtar addini. Nijar ƙasar Musulmi ce. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. Don haka galibin masu dawowa da ilimin addini almajirai ne da suka yi karatu a Borno da Kano da Zariya, ko ɗaliban Madina da Azhar. Ko Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta hannun 'yan kasuwa da masu neman ilimi ta tsallako iyaka.

Sai dai akwai wasu 'yan ƙalilan da ba a cika ba da labarinsu ba, wato ɗiyan ƙasa da suka fita, suka zama Kirista ko suka yi karatun Littafi Mai Tsarki a waje, suka dawo don yi wa mutanensu wa'azi da hidima. Duniya ta fi sanin irin wannan labari daga Haiti, inda fada, wato limamin Katolika, da fasto ke barin Miami da New York su koma unguwannin talakawa. Amma ƙasar Damagaram ta ga nata tun fiye da shekaru 150 da suka wuce. Abin da labaran biyu ke nunawa ɗaya ne: zama ɗan gari yana buɗe wa mutum ƙofar zaure, amma ba ya shigar da shi cikin gida. Abin da ke shigar da shi shi ne ya zauna, ya ci abin da ake ci, ya sha wahalar da ake sha.

Yaron Dambanas

Wajen 1840 aka haifi Dorugu a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, maƙwabciyar Garagumsa ta kudu. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Borno, bayi kuma suna cikin abin da ake kai wa Kukawa a matsayin gaisuwa da haja. Mahara suka kama Dorugu yana ɗan yaro, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa. A can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega.

Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a watan Satumba na 1852. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu aiki. Da shi suka baro Kukawa, suka yada zango a Damagaram, suka wuce Katsina da Wurno da Gwandu da Say, suka isa Tambutu a 1853. Suka juyo ta Kano, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855. Yaron da aka fizge daga gonar ubansa ya ga Hamburg da Berlin tun gemu bai fito masa ba.

A Ingila suka faɗa hannun wani limamin Kirista, James Frederick Schön, shi ma Bajamushe ne, amma yana aiki da ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, CMS. Schön ya daɗe yana fama da Hausa. Ya fara koyonta a Saliyo a bakin Hausawan da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga jiragen fataken bayi, bai kuwa taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya sami Bahaushe ɗan Damagaram a ɗakinsa, sai ya riƙe shi gam. Wannan ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth, wanda ya yi alkawarin mayar da yaran ƙasarsu. A 1857 aka yi musu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu, Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega.

Abbega ya koma Afirka a wannan shekarar. Dorugu ya zauna har 1864. A tsawon wannan zama, shi ne bakin da Schön ke ɗebo Hausa daga gare shi. Da taimakonsa aka fassara Linjilar Matiyu da Littafin Farawa da wasu sassan Littafi Mai Tsarki. Da shi aka gyara nahawun Hausa da ya fito a 1862, da ƙamus na 1876. Labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya bayar da bakinsa su ne ƙashin bayan littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Ashe Hausar da Turai ta riƙa karantawa a rubutun boko a wancan zamani tana ɗauke da harshen wani yaro na gefen Kance.

Lissafin mishan da abin da ya faru

Ba don son harshe kaɗai Schön ya yi wannan wahala ba. Akwai lissafi a bayanta. A 1841 Ingila ta tura jirage uku cikin Kogin Kwara don buɗe ciniki da hana cinikin bayi, Schön yana ciki. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 cikin 'yan watanni. Darasin da 'yan mishan suka ɗauka shi ne Bature ba zai iya wannan aiki ba, sai baƙar fata da aka 'yanta, aka ilimantar, aka mayar wa danginsa. Henry Venn, wanda ya jagoranci CMS daga 1841, ya tsara manufar a kan abu uku: ikilisiya ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta.

A ƙasar Yarabawa lissafin ya yi kamar zai fita. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama yana yaro aka 'yanta a 1822, ya koma Abeokuta a 1846, ya tarar da mahaifiyarsa da ranta. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko a Cocin Ingila. Amma a 1890 wasu samarin Turawa 'yan mishan suka zo suka tuhumi ma'aikatansa, suka ƙwace ragamar aikin daga hannunsa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Mai dawowa gida ya gano cewa wanda ya biya kuɗin jirgi yana nan riƙe da igiya.

Su Dorugu kuwa, hanyarsu ta bi wani waje dabam. Abbega ya koma Musulunci, ya zama sarkin Lakwaja a ƙarshen ƙarni na 19, jikansa Maimaina kuma ya zama Sarkin Askira. Dorugu ya yi shekaru yana tafinta ga Turawan da ke zirga-zirga a Kwara da Binuwai. Da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, tsoho Dorugu na cikin malamanta. A can ya rasu a 1912. An shirya shi ya zama mai bishara, tarihi ya san shi da tafinta da malamin makaranta. Abin da ƙasarsa ta karɓa daga hannunsa karatu ne da rubutu. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarinsa da na Maimaina a Turance, duniya ta sake jin sunansa.

Mishan ta zo da kanta

Shekaru 35 bayan dawowar Dorugu Afirka, a 1899, sojojin Faransa suka ci Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga da yaƙi a Tirmini, wadda yau take gunduma ɗaya da Garagumsa, suka shiga birnin Damagaram. Birnin ya zama hedkwatar mulkinsu har 1926. A ƙarshen wannan zamani, a 1924, ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe tasharta ta farko a Nijar, a nan Damagaram. Tsibirin Gobir ya biyo baya a 1927, sannan Maraɗi. Katolika kuwa sun fara a Yamai a 1931, suka iso Damagaram daga baya.

'Yan SIM daga Najeriya suka hauro. Turanci suke ji, da Hausa suke aiki, hukumar Faransa kuma tana kallonsu da ido ɗaya, tana kuma son duk wata lakwal ta koyar da Faransanci. Wannan ya sa ƙafar Kiristan farko na Nijar ta karkata kudu. A Najeriya ne littattafan Hausa suke. A can Dokta Walter Miller, wanda ya zauna birnin Zariya daga 1905 kafin a koma Wusasa, ya jagoranci fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. A can ne makarantun horar da masu bishara da Hausa suke, irin su Kagoro da Tofa. Saurayi ya tafi da ɗan karatunsa, ya dawo ana kiransa malam, da littafin waƙoƙi a aljihu, wani lokaci har da mata 'yar kudu. Ikilisiyar ECWA ta Najeriya, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954, ita ma ta riƙa turo nata masu bishara ta hannun reshenta na EMS.

A yammacin ƙasar an ga wani salon. Antoine Douramane tsohon sojan Faransa ne da ya zama Katolika yana bakin aiki, ya dawo yankin Gorouol ya tara mutanensa, shi ya nemi a turo musu fada. Ikilisiyar Dolbel daga nan ta samo asali. A nan ɗan gari ne ya kira mishan, ba mishan ce ta turo shi ba, abin kuwa ya kafu.

A ƙasar Hausa ta Nijar, wa'azi kaɗai bai tara jama'a ba. Abin da ya sa mutane suka san mishan shi ne magani da noma. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi, da gonar koyarwa ta Maza Tsaye, su ne sunayen da ko wanda bai taɓa leƙa majami'a ba ya sani. A daidai lokacin samun 'yancin kai aka kafa ikilisiyar 'yan ƙasa, EERN, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, da ke kan wannan kwalta tsakanin Maraɗi da Tasawa, ta zama wurin horar da ma'aikata a gida. Sai dai a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ikilisiyar ta dare gida uku, a kan shugabanci da ɓangaranci da ikon dukiya. Barbara Cooper, masaniyar tarihi Ba'amurkiya, ta bi diddigin wannan duka a littafin da ta wallafa a 2006 kan Kiristan yankin Maraɗi.

A ɗaya gefen iyaka, Wusasa ta ba da misalin mai dawowa da ya gama da lafiya. Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun likita a Landan, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan ya sha tsarewa a hannun soja, bai nemi mafaka a Turai ba. Samaru ya koma, ya buɗe asibiti, ya shiga aikin fasto har rasuwarsa a 2005. Musulmi da Kirista sun san shi da allura da magani kafin su san shi da wa'azi.

Haiti: komawa cikin wuta

Haiti ƙasa ce da bayi suka kafa. Sun kori Faransa suka ayyana 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1804. Kakannin mutanenta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kwashe su. Mulkin gidan Duvalier, uba da ɗa, daga 1957 zuwa 1986, ya kori malamai da likitoci da limaman coci zuwa New York da Montreal da Miami, wasu har Kwango. Daga baya talauci da juyin mulki suka ƙara koro wasu a cikin kwale-kwale. Yau kuɗin da 'yan Haiti mazauna waje ke aikawa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar.

Daga cikin waɗannan ne masu komawa ke fitowa. Fada Gérard Jean-Juste ya tsere wa mulkin Duvalier, aka naɗa shi fada a New York a 1971. Ya shafe shekaru a Miami yana jagorantar cibiyar kare 'yan gudun hijirar Haiti, yana kai gwamnatin Amurka kotu a kan yadda take tsare su da korarsu. A 1991 ya tattara ya koma gida. Watanni kaɗan soja suka kifar da gwamnatin Jean-Bertrand Aristide, wanda shi ma fada ne da ya yi karatu a waje ya dawo unguwar talakawa kafin ya shiga siyasa. Jean-Juste ya yi shekaru uku a ɓoye. Bayan haka ya riƙe cocin Sainte Claire a Port-au-Prince, inda ake dafa wa yaran unguwa abinci. An kulle shi a 2004, an sake kulle shi a 2005, har ƙungiyar Amnesty ta ayyana shi a matsayin wanda aka ɗaure don ra'ayinsa. Ciwon sankarar jini ne ya sa aka sake shi ya je magani, ya rasu a Miami a 2009.

Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu, 2010, wadda hukuma ta ce ta kashe mutane fiye da 200,000, har da babban bishop na Port-au-Prince, Joseph Serge Miot, ta buɗe wani sabon babi. Ƙungiyoyin agaji suka yi wa ƙasar ca. Wasu sun yi aiki na gari. Wasu kuwa sun nuna illar taimakon da bai san gari ba: makonni kaɗan bayan girgizar aka kama Amurkawa 10 'yan wata majami'a suna ƙoƙarin fitar da yara 33 daga ƙasar ba takarda, daga baya ta bayyana da yawansu iyayensu na raye. Irin wannan ya ƙara wa 'yan Haiti na waje ƙaimi. Suka ga su ne ke jin Kiriyol, harshen talaka, su ne suka san wace uwa ce ta ba da ɗanta don yunwa ba don maraici ba. Fastoci da malaman jinya da injiniyoyi suka riƙa komawa, suna buɗe makaranta da ɗakin shan magani a jikin majami'a.

Amma gida bai tarbe su da tabarma kawai ba. A Haiti, wanda ya dawo daga waje ana ɗaukarsa mai dala, ko da bashi ya ci ya sayi tikiti. Tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a watan Yuli na 2021, gungun 'yan daba suka mamaye mafi yawan babban birnin. A watan Oktoba na wannan shekarar suka sace 'yan mishan 17, labarin ya cika duniya saboda baƙi ne. Fastoci da masu ibada 'yan ƙasa da ake sacewa kuwa, ba a cika jin sunansu a rediyon waje ba. A watan Mayu na 2024 aka kashe wasu matasa ma'aurata Amurkawa tare da Jude Montis, ɗan ƙasar da ke jagorantar aikin mishan ɗinsu. In abu ya ɓaci, baƙo yana da ofishin jakadanci da jirgin kwashewa. Ɗan gari da ya dawo, dangi gare shi da za a yi masa barazana da su.

Abin da mai dawowa ke tararwa

A ƙauyen ƙasar Damagaram ba 'yan daba ne matsalar ba. Matsalolin sun fi haka shiru, sun kuma fi haka daɗewa.

Na farko ƙasa. Wanda ya bar addinin gidansu yakan tarar maganar gado ta rikice, gonar da zai noma sai aro ko haya. Filin majami'a kuwa sai da yardar mai gari da hakimi da magajin gari. Na biyu aure. Al'umma ƙarama ce, 'yan matanta kaɗan, shi ya sa auren Kiristan Nijar ke yawan haɗa garuruwa masu nisa, har da tsallaken iyaka. Na uku maƙabarta, domin ranar mutuwa ce ke nuna matsayin mutum a gari. Duk wanda ya dawo da niyyar zama sai ya san amsar waɗannan uku.

Sai maganar ciki. Baikon da 'yan masu bi goma ko ashirin ke tarawa ranar Lahadi ba ya riƙe iyali. Mai bishara ko dai ya yi noma da kiwo da ɗinki kamar kowa, ko ya dogara da tallafi daga Amurka ko Turai ko manyan majami'un Najeriya. Kowanne da kuɗinsa. In ya dogara da waje, gari zai ce addinin kuɗi ya kawo, duk wanda ya bi shi kuma a ce sayensa aka yi. Mai ba da kuɗi kuma yana son rahoto da hoto da adadi, abin da ke sa mutum ya fi kula da mai karanta wasiƙarsa fiye da maƙwabcinsa. In kuma ya kama fartanya, yunwar shekara ta same shi yadda ta sami kowa. Amma a nan ne ake fara gaishe shi da sunan gidansu ba da sunan aikinsa ba.

Akwai kuma harshe. Wanda ya yi karatun tauhidi da Faransanci a Bangui ko Abidjan, ko da Turanci a Jos, yakan dawo da kalmomin da tsohuwarsa ba ta gane su. Haiti ta sha wannan: Faransanci na 'yan boko, Kiriyol na jama'a, sai a 1987 tsarin mulki ya daidaita su. Nijar ma a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Kiristan ƙasar Hausa sun riga kowa a nan, domin da Hausa suke sujada tun farko. Haɗarin shi ne masu digiri su raina wannan gado.

Abu mafi nauyi shi ne ranar da rikicin duniya ya sauka a ƙofar gida. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ta rikiɗe a birnin Damagaram. Aka ƙone majami'u da makarantar Katolika da cibiyar al'adu ta Faransa. Kashegari wutar ta kama Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Mutane 10 suka mutu a biranen biyu. Ɗaruruwan Kirista suka fake a barikin soja a Damagaram. Ba su zana komai ba, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba, amma an lissafa su da Faransa. A ranakun nan kuma an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu, malamai da dama suka fito suka yi tir da ɓarnar. Abin da ya ceci mutane a ranar ba takardar izini ba ce. Zaman tare ne na shekaru, da zuwa suna da jana'iza, da aron turmi da gishiri.

Kututturen da ke ƙasa

Wani aiki da ya fito daga cikin mishan ɗin kanta ya isa misali. Shekaru ana kawo dashen itatuwa daga gandun raino ana shukawa a ƙasar Maraɗi, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe mai ƙarfi a rage sauran a bar shi ya tashi. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi wannan sassabin zamani suka yaɗa shi gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawon da ya cika gonakin Matamaye da Magarya shaida ne. Aikin addinin mai dawowa haka yake: abin da aka ɗauko a tukunya daga waje da wuya ya kai rani biyu, abin da ya toho daga saiwar zumunci da harshe da amana shi ke tsayawa.

Yau dogaro da ɗan gari ya wuce zaɓi, ya zama tilas. Sace baƙin 'yan mishan, Jeffery Woodke a Abalak a 2016 da Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, ya taƙaita yawon baƙi a karkara. Dokar tsara harkokin ibada ta 2019 ta ƙara sa ido a kan wuraren ibada da kuɗin da ke shigo musu. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da rufe iyakar Najeriya na watanni da ya biyo baya, sun nuna yadda hanyar tallafi ke iya yankewa dare ɗaya. Katolika sun riga sun ga alamar zamani: a 2014 aka naɗa Laurent Lompo babban bishop na Yamai, ɗan Nijar na farko a wannan kujera, yayin da Katolikan Damagaram ke ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001.

Saboda haka nauyin ya koma kan ɗiyan ƙasa, kuma tambayoyin da ke gaban ikilisiyoyin a fili suke. Wa zai biya mai bishara, kuma wa zai tuhume shi in ya karkace? Za a koya masa sana'a tare da tauhidi, ko za a sallame shi da takarda kaɗai? In ya gina rijiya ko ɗakin magani, na gari ne duka ko na masu zuwa sujada? Su ma masu rinjaye akwai tasu tambayar, domin wanda ya dawo ɗin ba baƙo ba ne. Ɗan wane ne, jikan wance, yana da kawu a masallaci da gwaggo a kasuwa. Gardamar addini tsakaninsa da 'yan uwansa ba za ta ƙare ba, ba kuma lalle ne ta ƙare ba. Abin da ya rage wa sarakuna da malamai da dattawan ikilisiya shi ne su tabbatar gardamar ta tsaya a baki, ta yadda mutum zai iya saɓa wa danginsa a kan hanyar lahira, ya kuma ci gaba da noma gonar da ke jikin tasu.